Jinin Inna yana hawa yana sauka, ga kuma jiri idan ta miƙe: mu ƙara magani ko mu rage?

Autar Inna

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar ma'aikatan lafiya da ke cikinmu. Mahaifiyarmu shekararta 74, ta daɗe da hawan jini. Likita ya ɗora ta a kan amlodipine miligiram 10, da wata ƙwaya ɗaya mai haɗe da lisinopril da hydrochlorothiazide. Mun saya mata na'urar awon jini ta gida, irin wadda ake ɗaurawa a dantse, amma maimakon hankalinmu ya kwanta sai ya ƙara tashi. Da safe a auna a ga 168/92, da yamma a ga 131/74, wani lokaci ma a auna sau biyu a zama ɗaya lambobin su sha bamban. Yayana ya ce duk ranar da ya haura 160 a ƙara mata rabin amlodipine, kuma an fara yin haka.

Ni abin da ya fi damuna daban ne. Kwanan nan idan ta tashi daga kwance, musamman da dare za ta banɗaki, jiri yake ɗibarta har sai ta dafa bango. Makon jiya ta durƙushe a bakin gado, Allah ya tsare ba ta ji ciwo ba. Ranar ganin likitanta sai nan da mako uku. Wane awo za mu yarda da shi? Jirin nan na hawan jinin ne ko na maganin? Me za mu yi kafin ranar asibiti?

Malamar Jinya

Wa alaikumus salam, Auta. Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya saka muku da alheri kan kula da ita.

Tun daga yau ku daina ƙara rabin ƙwayar nan. Ki yi wa yayanki bayani cikin ladabi, don na san tsoron shanyewar ɓarin jiki ne ya sa shi yin haka. Miligiram 10 shi ne iyakar amlodipine da ake bayarwa a rana. Magani ne mai tafiyar hawainiya: ƙarfinsa ba ya kai ƙololuwa sai bayan awa 6 zuwa 12 da sha, kuma yana kwanaki a jiki kafin ya fita. Rabin da aka ƙara saboda lambar safe ba zai taɓa lambar safen ba. Can cikin dare zai same ta, daidai lokacin da take miƙewa cikin duhu.

Batun sauyawar lambobi kuwa, haka jini yake ga kowa. Yana hawa da safe, da lokacin ciwo, da fargaba, da rashin barci, yana sauka bayan cin abinci da hutawa. Kuma yawancin lambobin da ke firgita mutane a gida, yadda aka yi awon ne ya kumbura su. Magana a lokacin awo takan ƙara kusan 10 a lambar sama. Fitsari a mara yakan ƙara 10 ko fiye. Hannun da aka bari yana reto, ko bayan da ba a jingina ba, ko ƙafa ɗaya a kan ɗaya, kowanne yana ƙara nasa. Idan uku daga cikinsu suka haɗu, 140 ya zama 165 ba tare da wani abu ya sauya a jikinta ba.

Wanda aka fi mantawa shi ne girman maɗaurin. Ki ɗauki tef ɗin awo irin na tela, ki auna kewayen dantsenta a tsakiya, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. A jikin maɗaurin an rubuta iyakarsa, yawanci santimita 22 zuwa 32, wasu 22 zuwa 42. Idan maɗauri ya yi wa hannu kaɗan, na'urar za ta ba da lambar da ta fi ta gaskiya, kuma a hannu mai kauri sosai bambancin yana iya kusantar 20. Idan ya yi yawa, lambar sai ta yi ƙasa da gaskiya.

Ga yadda za ku riƙa yi. Ta fara yin fitsari. Minti 30 kafin awo kada ta sha kofi ko wani abu mai sa wartsakewa, kada ta yi aikin ƙarfi. Ta zauna a kujera mai majingina, tafin ƙafafu a ƙasa, minti 5 cur ba hira ba waya. A ɗaura maɗaurin a fatar hannu, ba a kan riga ba, kuma kada a naɗe hannun riga ya matse dantsen. Gefensa na ƙasa ya tsaya santimita 2 zuwa 3 sama da lanƙwasar gwiwar hannu, robar iskar ta biyo ta cikin hannu, matsinsa ya zama yatsu biyu za su shiga da ƙyar. A ɗora hannun a tebur ko matashi yadda maɗaurin zai yi daidai da tsakiyar ƙirji. A auna, a jira minti 1, a sake. A rubuta duka biyun, har da bugun zuciya. A karon farko ku auna hannu biyu, wanda ya fi ba da lamba mai yawa shi za ku riƙe daga nan. Idan bambancin hannuwan ya wuce 15 kuma ya maimaitu, ku faɗa wa likita.

Sau biyu a rana ya isa: da safe kafin magani da karin kumallo, sai da yamma. A yi haka kwana 7, a ajiye na ranar farko gefe, a tara sauran a raba. Wannan matsakaicin shi likita yake aiki da shi. Hukumar NICE ta Ingila ta sa ma'aunin gida ƙasa da 135/85 ga wanda bai kai shekara 80 ba, ƙasa da 145/85 ga wanda ya kai. Awo sau shida ko bakwai a yini ba ya ƙara komai sai fargaba, fargabar kuma ita ce ke ɗaga awo na gaba.

Yanzu jirin. Hawan jini na 160 ko 170 ba kasafai yake sa jiri ba. Jirin da ke zuwa da miƙewa, ya lafa da an zauna, ya fi nuna cewa jinin faɗuwa yake yi idan ta tsaya. Da mutum ya miƙe, kusan rabin lita na jini ko fiye yakan gangara ƙafafu da ciki. Jikin matashi nan take yake matse jijiyoyi ya ƙara bugun zuciya ya mayar da shi sama. Na tsoho yana jinkiri, maganin hawan jini kuma yana ƙara masa jinkirin, sai ƙwaƙwalwa ta yi 'yan sakanni jini bai ishe ta ba. Ana iya samun mutum ɗaya jininsa ya hau a kwance, ya faɗi a tsaye, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a tsofaffi.

Kuna iya gwada wannan da na'urarku. Ta kwanta minti 5, a auna a kwance. Ta miƙe da maɗaurin a hannu, mutum ɗaya na tallafe da hannun a saitin ƙirji, wani na tsaye a gefenta, kujera a bayanta. A auna bayan minti 1, a sake bayan minti 3. Idan lambar sama ta ragu da 20 ko fiye, ko ta ƙasa da 10 ko fiye, an samu faɗuwar. Da sassafe ya fi nunawa. Idan jiri ya kama ta a tsakiya, a zaunar da ita, a rubuta hakan ma.

Abubuwan da ba a jira da su: awo ya kai 180/120, an huta minti 5 an sake bai sauka ba, a ga likita a ranar. Idan da ciwon ƙirji, ko numfashi sama-sama, ko ciwon kai mai tsanani, ko gani ya dushe, ko ta rikice, sai sashen gaggawa nan take. Haka nan ko nawa awon ya nuna, idan baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya ƙi ɗaguwa, ko magana ta sarƙe, alamun shanyewar ɓarin jiki ne, a duba agogo a riƙe lokacin a tafi, domin allurar narkar da gudan jini tana da wa'adin awa 4 da rabi. Kada a ba ta ruwa ko abinci ko aspirin a hanya, har sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa an san toshewa ce ko zubar jini.

Ki faɗa mana girman dantsenta, da lokacin da take shan magungunan, da duk wani abin da take sha bayan waɗannan.

Autar Inna

Allah ya saka da alheri, Anti. Na auna, dantsenta santimita 36 ne, maɗaurin kuma 22 zuwa 32 aka rubuta. Magungunan duka da dare take sha, wai an ce mata sun fi aiki idan za a kwanta. Tana shan diclofenac kusan kullum saboda gwiwa, ba likita ya rubuta ba. Idan barci ya ƙi zuwa takan sha Piriton. Kuma na lura ta rage shan ruwa sosai don kada fitsari ya riƙa tashinta, amma duk da haka sai ta tashi sau uku ko huɗu. Ƙafafunta ma suna ɗan kumbura da yamma. Ba ta da ciwon suga.

Mai Harhaɗa Magani

Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa. Bayanin nan naki na biyu ya fito da abin fili. Na yarda da duk abin da Malama ta faɗa, sai abu ɗaya da zan ƙara matsawa: wanda ya riga ya durƙushe ba ya jiran mako uku, ba ya ma jiran awon kwana 7 ya cika. Awon kwana 3 da na tsaye ɗaya sun ishe ku zuwa wurin likita cikin makon nan.

Hydrochlorothiazide maganin sa fitsari ne. Yana fara aiki cikin awa 2, ya yi ƙarfi wajen awa 4. Wanda ya sha shi da ƙarfe 9 na dare ya shirya tashi da tsakar dare. Da safe ake shan sa, kuma tunda a haɗe yake da lisinopril, ƙwayar gaba ɗaya za ta koma safe. Maganar cewa maganin hawan jini ya fi aiki da dare an gwada ta a Birtaniya a binciken TIME, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2022 a kan mutum sama da 21,000, kuma ba a ga bambanci tsakanin masu sha da safe da masu sha da dare ba wajen toshewar jijiyar zuciya da shanyewar jiki. Wajen sauya lokacin, kada ta sha da dare kuma ta sake sha washegari da sassafe, don hakan ninki ne. A tsallake na daren, a sha da safen da ke biye. Ku tabbatar da wannan wurin likitanta ko mai harhaɗa maganin da ya ba ku, ko ta waya ce.

Diclofenac shi ya fi tayar mini da hankali. Shi da 'yan'uwansa, ibuprofen da naproxen da piroxicam, suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, suna ɗaga jini, suna rage ƙarfin lisinopril da maganin fitsarin. Mai yiwuwa wani ɓangare na lambobin da kuke gani nasa ne. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne ƙoda. Diclofenac yana matse jijiyar da ke kai wa matatar ƙoda jini, lisinopril yana sassauta wadda ke fitar da shi, maganin fitsari kuma yana rage ruwan da ke zagayawa. Ukun nan a jikin tsohuwar da ba ta shan ruwa hanya ce sananniya ta raunin ƙoda, kuma ba ya yin ciwo balle a farga da wuri. Ga shi kuma yana cin bangon ciki ya sa jini ya riƙa tsiyaya a ɓoye, ƙarancin jini kuwa shi kansa yana kawo jiri. Ki tambaye ta ko bayan gidanta ya taɓa yin baƙi ƙirin mai danƙo. Idan ta ce e, yau za ku tafi asibiti.

Ta daina shi. A madadinsa paracetamol: giram 1, wato ƙwaya biyu masu miligiram 500, tazarar awa 6, kada ya wuce giram 4 cikin awa 24. Idan nauyinta bai kai kilo 50 ba, ko tana da matsalar hanta, ƙwaya ɗaya a lokaci guda har likita ya faɗi adadinta. Ku duba magungunan mura, da yawansu akwai paracetamol a ciki, wasu kuma akwai pseudoephedrine ko phenylephrine masu ɗaga jini. Diclofenac na shafawa a gwiwa kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini, yawanci likita zai yarda da shi bayan ya ga gwajin ƙoda. Ku yi hattara da ƙullin ƙwayoyin ciwon gaɓoɓi da ake haɗawa ba suna ba takarda. Sau da yawa akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki, masu ɗaga jini da suga, su kuma raunana ƙashi.

Piriton ba maganin barci ba ne, gyangyaɗin illarsa ce. A tsofaffi yana busar da baki, ya hana mafitsara juyewa gaba ɗaya, ya dagula tunani, ya sa ƙafa ta yi nauyi har wayewar gari. Ta bar shi. Kada kuma a maye gurbinsa da diazepam, ya fi shi kayar da mutum. Ina kyautata zaton idan fitsarin dare ya ragu, barcin zai gyaru da kansa.

Rage ruwa da ta yi ya ƙara jirin, bai kuma rage fitsarin ba, tunda magani ne ke kora shi. Tsufa yana dusashe jin ƙishirwa, don haka kada a jira ta nema. Lita ɗaya da rabi zuwa 2 a yini, wato kofi 6 zuwa 8, in dai likita bai ƙayyade mata ba saboda zuciya ko ƙoda. Mafi yawansa daga safe zuwa la'asar, a sassauta awa 2 kafin kwanciya. Fitsari mai launin rawaya fari-fari alama ce ruwan ya wadatar.

Kumburin ƙafa da yamma sanannen aikin amlodipine ne, ya fi yawa a miligiram 10, ya fi kuma kama mata. Yana da hannu a tashin dare: ruwan da ya taru a ƙafa da rana, da ta kwanta sai ya koma jini, ƙoda ta mayar da shi fitsari. Ta riƙa miƙe ƙafafu a kan matashi awa ɗaya da yamma, ruwan ya fita kafin dare. Amma idan ƙafa ɗaya ce ta kumbura da zafi, ko kumburin ya zo da haki idan ta kwanta, wannan ba na amlodipine ba ne, a duba shi da gaggawa.

Ku roƙi a yi mata gwajin aikin ƙoda, da sodium da potassium, da yawan jini. Hydrochlorothiazide yana zubar da sodium, musamman a mata tsofaffi, alamarsa kasala, tashin zuciya, tangaɗi da ruɗewa. Ku kuma tambayi likita tun yanzu abin da za ku yi ranar da amai ko gudawa ko zazzaɓi mai zafi ya kama ta. Yawanci akan dakatar da lisinopril da maganin fitsari har ta yi kwana ɗaya zuwa biyu tana ci tana sha daidai, sannan a ci gaba.

Kada jin duk wannan ya sa ku watsar da maganin hawan jinin. Binciken HYVET na 2008, a kan mutum 3,845 masu shekara 80 zuwa sama, ya nuna waɗanda aka ba magani mutuwa ta ragu a cikinsu da kashi 21 cikin 100. Gyara ake nema a adadi da lokaci. Gishiri kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasa da giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin burodi, abincin gwangwani da dunƙulen ɗanɗano. Idan kwali ya rubuta sodium, ki ninka sau biyu da rabi ki samu gishirin. Gishirin nan da ake tallatawa mai ƙarancin sodium, potassium ne a cikinsa, kuma mai shan lisinopril da ba a san lafiyar ƙodarsa ba kada ya taɓa shi.

Ranar asibiti ku zuba duk abin da take sha a jaka ɗaya, da kwalayensu, har na ganye da na ƙarin kuzari, da na'urar awon ita ma.

Mai Gashin Ƙashi

Allah ya ba Inna lafiya. Malamai sun gama da magani, ni zan tsaya kan daren yau, domin ko an gyara komai gobe, jikinta zai ɗauki kwanaki kafin ya daidaita.

Tashi daga gado hawa uku ne. Tana kwance ta motsa tafin ƙafafu sama da ƙasa sau 20, don tsokar sha-raɓa ita ke tura jini sama. Ta juya gefe, ta sauko da ƙafafu, ta zauna a bakin gado minti ɗaya cikakke tana taka ƙasa. Sannan ta miƙe tana riƙe da abu mai ƙarfi, ta tsaya ta ƙirga 20 kafin ta ɗaga ƙafa. Idan duhu ya gilma mata a ido ta koma ta zauna, kada ta ce bari in yi sauri in isa. Haka za ta yi bayan cin abinci mai nauyi da bayan wanka da ruwa mai zafi, lokuta biyun da jini ya fi faɗuwa.

Gadon ya zama idan ta zauna tafin ƙafarta na taɓa ƙasa. Katifa a ƙasa tana da wuyar tashi ga mai ciwon gwiwa. Fitila ta kwana a kunne daga gado zuwa banɗaki, ko tocila a inda hannunta zai kai ba tare da ta miƙe ba. Ku bi hanyar da kanku ku kwashe wayar caji, takalma, da kowane ɗan kafet mai naɗewa. A makonnin nan ku ajiye mata kujerar bayan gida mai bokiti kusa da gado. Wasu iyayen suna jin nauyin haka, sai a lallashe su cewa na ɗan lokaci ne. A banɗaki a kafa ƙarfen riƙewa da ƙusa a bango, kada ta dogara da famfo ko marataya tawul, a shimfiɗa roba mai hana santsi, ta yi wanka a zaune, kuma kada ta sa sakata. Silifas mai faɗi da safa a kan tayil suna cikin manyan masu kayar da tsofaffi. Takalmi mai riƙe dunduniya ake so.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta faɗuwa tana kashe mutum 684,000 a shekara, mafi yawansu 'yan sama da 60. Amma kuskuren da iyalai ke yi bayan faɗuwar farko shi ne su zaunar da tsoho su hana shi komai. Tsokar cinya tana zubewa cikin 'yan makonni, sai faɗuwa ta biyu ta zo da sauƙi. Motsi za ta ƙara, da wani a kusa.

Ki gwada ta haka, da rana bayan jirin safe ya wuce: kujera mai hannu, ki sa alama a ƙasa mita 3 daga gabanta. Ta tashi, ta je alamar da tafiyarta ta kullum, ta juyo ta zauna. Idan ya ɗauke ta sakan 12 ko fiye, tana cikin haɗarin faɗuwa, ki rubuta ki kai wa likita. Atisayen da ya fi amfani shi ne tashi da zama daga kujerar da aka jingina da bango, sau 5 zuwa 10, sau biyu a yini, da farko da taimakon hannu, daga baya hannu a ƙirji. Sai ɗaga dunduniya sau 10 tana riƙe da tebur, da tsayuwa ƙafa ɗaya gaban ɗaya na sakan 10. Ɗan ciwon gwiwa da ya lafa kafin washegari ba komai, idan ya kwana ya wuni a rage adadi. Kada ta riƙe numfashi lokacin yunƙuri. In za ta riƙe sanda, kanta ya zo daidai wuyan hannu idan ta tsaya hannu a sake, kuma a hannun da ke ɗaya gefen gwiwar mai ciwo ake riƙe ta.

Ki tambaye ta yadda jirin yake. Idan ɗakin ne ke juya mata lokacin da ta juya kai a kan matashi ko ta ɗaga kai sama, ya tsaya kafin minti ɗaya, wannan daga cikin kunne yake, kuma ana gyara shi da wani juyin kai da ake kira Epley, sau da yawa a zama ɗaya ko biyu. Mutum yana iya haɗa shi da faɗuwar jini. A duba idonta ma, yana a ido tana rage gani cikin duhu tun kafin mai ita ya yi ƙorafi.

Idan ta faɗi, kada ku ciccibe ta ta hammata. Ku bar ta ta nutsu, ku tambayi inda ke ciwo. Ciwo a kwankwaso ko matsematsi, ƙafa ɗaya ta gajarta ta juya waje, ko ta kasa taka ta, alamun karayar kwatangwalo ne: a rufe ta da bargo, a nemi ɗauka a kwance. Idan ba ciwo, ta juya gefe, ta yi rarrafe zuwa kujera, ta dafa da hannu biyu, ta kafa ƙafar da ta fi ƙarfi, ta yunƙura ta juya ta zauna. Idan kai ya bugu a kai ta asibiti, musamman mai shan aspirin, clopidogrel ko warfarin, kuma a sa ido makonni bayan haka, don jini kan taru a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kan tsoho, sai daga baya a ga yawan barci, ciwon kai ko sauyin hali.

Autar Inna

Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Mun yi awon yau da asuba. A kwance 146/80, bayan minti 1 a tsaye 118/70, bayan minti 3 kuma 124/72, ta ce ta ji jirin. Sai dai da tsohon maɗaurin muka yi, babban bai iso ba. Awon ya yi amfani kuwa? Ta ce bayan gidanta bai yi baƙi ba, ɗakin kuma ba ya juya mata.

Malamar Jinya

Ya yi amfani, Auta. Ƙaramin maɗauri yana ɗaga lambobin ne gaba ɗaya, amma tunda da shi aka yi duka ukun, tazarar da ke tsakaninsu abin dogaro ce. Faɗuwar 28 a minti na farko da 22 a na uku ta wuce ma'aunin 20, ga jiri ya tabbatar. Abin lura kuma, idan maɗaurin yana ƙara mata lamba, to ainihin jininta a tsaye ya fi 118 ƙasa.

Ku je gobe, ba sai kun jira sabon maɗauri ba. Ki fara da faɗa wa likita cewa ta durƙushe makon jiya, sannan ki miƙa masa takardar awon kwance da na tsaye. Ki ambaci ƙarin rabin ƙwayar da kwanakin da aka yi ana ba ta, da diclofenac da Piriton, ba tare da ɓoye komai ba, domin da wannan zai gane ko adadin da ya rubuta ne ya yi yawa ko ƙarin da aka yi. Ki roƙi a auna ta a tsaye a can ma, a ji bugun zuciyarta da hannu na minti ɗaya ko yana tsalle, tunda bugun da ba ya tafiya daidai yana rikita na'urar gida kuma yana buƙatar nasa maganin. A wurin mai irin wannan faɗuwar, da awon tsaye ake daidaita magani. Yana iya rage amlodipine zuwa miligiram 5, ko ya raba haɗaɗɗiyar ƙwayar ya cire maganin fitsarin, gwargwadon abin da gwajin jini ya nuna. Duk abin da ya sauya, ku ba shi mako biyu kafin ku yanke hukunci, sannan ku sake awon kwana 7 da sabon maɗaurin, ku haɗa da na tsaye sau biyu a cikin makon. Daren yau wani ya kwana a ɗakinta.